Jirgi Ba Shi da Birki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kwata ranar kasuwa, a Yawuri ko Malale ko Gaya, ya ga yadda jirgi mai lodi yake shigowa. Direba zai rage wuta tun daga nesa, ya mayar da giya firi, jirgi ya ci gaba da sulalowa da nauyinsa. Sai ya rage kaɗan ya isa, sannan ya jefa ribas, ruwa ya turnuƙe a baya, hancin jirgi ya taɓa gaɓa a hankali. To wannan ribas ɗin shi ne birkin, babu wani bayansa. Ranar da ya ƙi shiga, buhunan masara da babura da mata masu goyo duk tare za su daki gaɓa, ko su daki jirgin wani.

Shi ya sa nake son mu yi maganar giya da ku, samarin da kuka kama sana'ar ruwa, ko kuna yaran jirgi, ko kuna koyon gyara a hannun wani oga. Na lura hankalinku ya fi karkata ga kan inji, wato fulogi da kafireta da fistin, abubuwan da ke sa inji ya yi ƙara ya yi gudu. Giya kuwa sai ta ƙi shiga ake tunawa da ita, kuma ranar da aka tuna ɗin, abin da yaro yake fara yi shi ne ya ɗauko sifana ya kwance ƙafar inji. Wannan gaggawar nake so ku bari.

Yawancin injunan da ke maƙale a bayan jiragenmu sun girmi masu tuƙa su. Yamaha ce ta fi yawa, musamman samfurin Enduro mai doki 15 da 25 da 40 da 75. Kamfanin ya fara ƙera injin jirgi a 1960, Enduro kuwa an yi shi ne domin masu neman abinci a ruwa kullum, ba masu yawon shaƙatawa ba, shi ya sa bai da tarkace da yawa. Akwai Suzuki da Tohatsu da Mariner, jefi-jefi kuma ka ci karo da tsohon Johnson ko Evinrude na Amurka. Waɗannan na ƙarshe sai an lallaɓa su: kamfanin da ya mallake su ya karye a 2000, kuma a 2020 aka daina ƙera Evinrude gaba ɗaya. In ka buɗe ƙafar irin wannan inji babu dalili ka ɓata wani abu a ciki, yana iya cinye damina guda a jingine ana cigiyar kaya daga Legas zuwa Anacha. Alhali sau da yawa ciwon ma ba a cikin ƙafar yake ba, a hanya yake, tsakanin hannun direba da ƙafar, inda noti ɗaya da ɗan giris za su raba gardama.

Ba za ka gane hanyar ba sai ka san inda ta nufa. Daga kan inji akwai dogon shaf da ya sauko ta cikin ƙafa, a ƙarshensa akwai ƙaramar giya. Ita wannan ƙaramar tana juya manyan giya biyu a lokaci guda, ɗaya a gabanta ɗaya a bayanta, wannan na juyawa dama waccan na juyawa hagu. Muddin inji yana aiki, duka biyun suna juyawa, ko da kana firi. Shaf ɗin farfela ya ratsa ta tsakiyarsu, amma ba su kama shi ba. Abin da ya kama shi wani guntun ƙarfe ne da ke zaune a tsakaninsu, mai kunnuwa a fuskokinsa biyu, shi ne kuloci. Yana zamewa gaba da baya a kan shaf ɗin, amma ba ya juyawa sai tare da shi. In ya matsa gaba, kunnuwansa su sarƙe da na giyar gaba, jirgi ya tafi. In ya matsa baya, ribas. In ya tsaya a tsakiya, firi ke nan.

Duk tafiyar da kuloci yake yi daga firi zuwa gaba ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba. Riƙe wannan da kyau. Libar da kake turawa da hannu, da rodin da ya sauka ta cikin ƙafa, da notin da ya haɗa rodin sama da na ƙasa, duk aikinsu su isar da wannan 'yar tafiyar cif-cif. A ƙananan injunan Japan da yawa, wani sifirin ne a cikin shaf ɗin farfela yake tura kuloci gaba, bakin rodi kuma an fere shi hawa uku, shi yake danno kulocin baya zuwa firi da ribas. Idan rodi ya gaza da zare biyu kawai na noti, kuloci zai shiga rabi. Sakatar ƙofa ce da aka tura rabi: da ido ƙofa a kulle take, amma iska mai ƙarfi na zuwa za ta buɗe, kuma kowane buɗewa sai ta ƙara cinye bakin ramin. Haka kunnuwan kuloci suke. Da kaifinsu aka ƙera su, shigar rabi-rabi ke mulmule su, in kuwa suka mulmule, ko ka gyara rodi ba za su ƙara riƙewa ba. Matsalar da ta fara a kan noti ta koma ta sayen kuloci da giya.

Wani abin da ke cin kuloci kuma a hannunka yake, ɗana. Yaro mai ladabi yakan ɗauka tausaya wa inji shi ne ya tura liba a hankali. Sai ka ji ƙarrrr kafin giya ta shiga. Wannan ƙarar kunnuwan kuloci ne ke tsalle a kan na giya suna gutsurar juna. Giyar jirgi ba ta son lallashi. Ka rage totur har ƙasa, ka ɗan jira inji ya lafa, sannan ka tura liba lokaci guda, ka ji ƙwas sau ɗaya. Haka nan kada ka tsallaka daga gaba zuwa ribas ba ka tsaya a firi ba, sai dai in rai za ka ceta.

Ga lissafin da zai nuna maka dalili. A inji mai doki 40, in kan inji ya juya sau biyu, farfela sau ɗaya take juyawa. Silon irin wannan inji yana wajen juyi 1,000 a minti. Ke nan manyan giyoyin nan suna juyi 500 a minti, kusan sau takwas a daƙiƙa guda, kuloci kuwa yana tsaye cik, a haka zai cafki abin da ke gudu. Yanzu ka ce an ɗaga silo ya kai 2,000. Cafkar ta koma ta abin da ke juyi sama da goma sha shida a daƙiƙa. Kuma me ke sa a ɗaga silo? Kafireta ce ta yi datti, inji yana mutuwa da zarar an sa giya, maimakon a wanke ta sai a murɗa sukurun silo a rufe maganar. Direba ya ji daɗi inji ya daina mutuwa, bai san ya sayar da kulocinsa ba ne a kan kuɗin wankin kafireta. Duk injin da aka kawo maka da kukan giya, ka saurari silonsa kafin ka taɓa komai.

Kafin sifana ma akwai tambaya. Ruwa ba ya tsami banza. Ka tambayi mai jirgi: yaushe abin ya fara? Rana ɗaya ya zo ko a hankali? In ya ce tun ranar da aka canza masa robar famfon ruwa, to ka kusa gamawa, domin ba a canza ta sai an sauke ƙafa, kuma ba a sauke ƙafa sai an raba rodin giya, wanda ya mayar ne bai mayar daidai ba. In ya ce tun ranar da ya hau kan yashi ko ya daki kututture, ka yi zargin lanƙwasa. In ya ce abin ya daɗe, da can sai an yi lodi sosai yake yi, yanzu ko jirgi babu kowa yana yi, wannan cinyewa ce. Ka bar shi ya yi bayani da bakinsa har ya gama, kada ka tari numfashinsa don ka nuna ka iya.

A tafkin Kainji akwai wani ruɗani na musamman. Tun da aka kammala madatsar a 1968 ruwa ya shanye dazuzzuka da tsofaffin garuruwa, kututturan itatuwa suna nan a ƙasa har yau, haka ma a tafkin Bolta na Gana wajen Yeji. To giyar da ke fita tana komawa da kanta, jijjigar da take yi daidai take da ta dukan kututture: jirgi ya yi gif, inji ya zabura, sannan komai ya koma daidai. Direba zai waiga ya la'anci itace, ya ci gaba da tafiya. In ka ji kana dukan kututture a tsakiyar ruwa mai zurfi, a hanyar da ka sani sarai, kuma dukan yana zuwa ne duk lokacin da ka ƙara wuta, ka daina zargin itace.

Yanzu sai aiki. Ka kashe inji, ka zare igiyar kashe inji daga mazauninta, ka cire hulunan fulogi duka. Kada ka ce ai a kashe yake. Farfelar da ke cikin giya in ka juya ta, fistin kake juyawa, kuma yatsu ba sa tsirowa.

Fara da farfela, don tana yawan ɗaukar wa giya laifi, ko giya ta ɗaukar mata. A tsakiyar farfela akwai roba da aka matse tsakanin cibiya da fukafukai, an sa ta ne don ta sha duka a madadin giya. In ta saki, inji zai yi ta ihu jirgi ba ya gaba, a ƙaramar wuta kuma ya tafi sumul. Ka ja layi da ƙusa ko fenti daga cibiyar zuwa jikin farfela, ka fita ka ba shi wuta, ka dawo ka duba. In layin ya rabu biyu, farfela ce, giyarka lafiya lau. Tsofaffin ƙananan injuna kuma wani ɗan fil ne ke riƙe farfelarsu, an yi shi don ya karye in an daki abu. Wanda ya maye gurbinsa da ƙusar kafinta ya mayar da dukan kan haƙoran giya. Tunda ka cire farfelar, leƙa bayanta. Zaren taru da na ƙugiya suna naɗewa a wurin, su yi ta cin sil har ruwa ya sami hanya. Za mu dawo kan wannan.

In farfela ba ta da laifi, sai ka raba matsalar gida biyu. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace amfani a duk aikin. A jiragen gudu masu sitiyari, inda kebul ke tahowa daga akwatin direba, ka zare bakin kebul daga jikin inji ka sa giya da hannu a wurin. In ta shiga ƙwas-ƙwas, laifin na kebul ne ko akwati: ya yi tsatsa a ciki, ko an lanƙwasa shi da yawa a wata kusurwa, ko bakinsa ya goce daga saiti. A injin da ake tuƙawa da hannu, irin wanda ya fi yawa a wajenmu, sai ka raba rodin sama da na ƙasa. Liba ita kaɗai tana motsi sakayau, tana faɗawa mazauninta uku? Rodin ƙasa shi kaɗai, in ka kama shi da fulaya kana juya farfela, yana shiga gaba da firi da baya? Duk ɓangaren da ya ƙi, can za ka nufa, ɗayan kuma ka ƙyale shi.

Na ce kana juya farfela, kuma da gangan na faɗa. In inji a kashe yake, kunnuwan kuloci suna iya yin karo da na giya kai da kai, ba za su shiga ba sai an ɗan juya. Wanda bai sani ba sai ya danna liba da ƙarfi, har ya sa ƙafa, ya lanƙwasa rodi ko ya karya wuyan liba. Ya zo duba ciwo ɗaya ya tafi ya bar biyu. Kada ka taɓa tilasta wa liba a kan matacciyar farfela.

Ɓangaren sama ba shi da wuya, haƙuri kawai yake so. Ka ɗaga murfin inji, ka sa wani ya riƙa motsa liba, kai kuma ka bi motsin da ido gaɓa-gaɓa. Abin da kake nema shi ne inda liba ta motsa amma na gaba da ita bai motsa ba. Ramin da fil yake shiga, da can zagayayye ne, shekaru ashirin na aiki sun mayar da shi mai tsawo. Bushin roba ya narke ya bar ƙarfe yana lilo. Wani wurin an zubar da fil an sa waya. Kowanne ɗan kaɗan ne, amma in ka tara kaɗan huɗu sun cinye rabin tafiyar kuloci. Akwai kuma ɗan sifirin ko ƙarfe mai lanƙwasa da ke riƙe liba a mazauninta, shi ke ba ka wannan ƙwas ɗin a tafin hannu. In ya mutu, liba za ta riƙa zamewa da jijjigar inji. In kuwa tauri ne matsalar, nemi kan giris a gindin liba, yawanci za ka tarar rabonsa da giris tun yana hannun mai shi na farko. Injin da aka sayo na hannu daga bakin teku, Legas ko Warri ko Kwatano, ya fi fama da wannan, domin gishiri yana shiga tsakanin ƙarfe da alminiyon ya yi farin gari ya cije. Ba guduma ake sa masa ba. Mai ake ɗiga masa, a bar shi ya kwana, a yi ta motsawa kaɗan-kaɗan.

Sai mahaɗin rodi, inda na fi so ka daɗe. A ƙananan Yamaha da makamantansu, in ka durƙusa ka leƙa gaban ƙafa, ƙasa da inda inji yake juyawa, za ka ga dogon noti da ƙaramin notin kulle a jikinsa. A wasu injunan sai ka sa giya a gaba ko ribas kafin ya fito fili. Kafin ka taɓa shi, ka ƙirga zaren da ya rage a waje, ko ka ɗiga fenti, ko ka ɗauki hoto da wayarka, tunda dai tana aljihunka ba ta aikin komai sai kallon ƙwallo. Sau da yawa za ka tarar notin kullen ya saki, dogon notin ya yi ta warwarewa da kansa. A tsofaffin Johnson da Evinrude kuwa wata 'yar taga ce a gefen ƙafa mai sukuru biyu, a ciki akwai mahaɗin tagulla. Rodin yana da wani ɗan gurbi, dole ya yi daidai da ramin kafin ka ɗaura, in ba haka ba ka cinye zaren. Ka cusa tsumma a ƙasan tagar tukuna, don in notin ya suɓuce ya faɗa ciki, sai an sauke ƙafa za a ciro shi. Manyan injuna da yawa kuma rodinsu juyawa yake yi, ba hawa da sauka ba, kansa yana da 'yan haƙora. In aka mayar da ƙafa tana gaba alhali liba tana firi, za ka sami gaba da firi, ribas ya ɓace. Maganinsa a sake saukewa, a daidaita su biyun a firi, a mayar.

Ga yadda ake gane tsakiya. Sa liba a firi, ka juya farfela dama da hagu. Ya kamata ta juya shiru. In kana jin ƙas-ƙas, kuloci ya karkata gefe yana shafar giya. Daga nan ka riƙa juya farfela da hannu ɗaya, kana tura liba gaba sannu-sannu da ɗayan, har ka ji shafar farko, ka yi alama a jikin inji daidai inda liba take. Koma firi, ka yi haka ta ɓangaren ribas. Mazaunin firi ya kamata ya faɗo tsakiyar alamomin nan biyu. In ya fi kusa da ɗaya, ka juya dogon noti rabin juyi, ka sake gwadawa, rabin juyi, ka sake gwadawa. In dole sai an ɗan fifita gefe, a fifita gaba, domin ita ke ɗauke da lodi daga safe har yamma. Kada ka tsorata in ka sa gaba ka ga farfela ta kafe ta gefe ɗaya amma tana tsalle ƙas-ƙas ta ɗayan, injuna da yawa haka aka yi su. In ka gama, ka ɗaure notin kulle da sifana biyu, ɗaya na riƙe ɗaya na ɗaurewa.

Abubuwa biyu suna rataye da giya, kuma saitinta yana iya taɓa su. Ɗaya shi ne ƙugiyar da ke hana ƙafa tashi sama in an sa ribas. In ba ta kama ba, kana jefa ribas farfela za ta yi tsalle ta fito daga ruwa, daidai lokacin da kake neman birki. Ɗayan shi ne abin da ke hana igiyar tayarwa jawuwa sai a firi. Da yawa sun cire shi sun yar, wai yana ba su wahala. Ni a ganina wannan wauta ce. Mutum yana tsaye a ƙarshen jirgi ya fizgi igiya, inji ya tashi a cikin giya, jirgi ya zabura, shi ya faɗa ruwa daidai inda farfela take. Ka mayar da shi ko da mai jirgi bai ce ba.

In duk wannan bai warware ba, har yanzu da sauran mataki ɗaya kafin buɗewa, wato man giya. Tsayar da inji a miƙe, ka tara kwano, ka kwance sukurun ƙasa sannan na sama. Mai mai kyau ruwan zuma ne ko ya ɗan yi duhu. In ya fito fari-fari launin madara, ruwa ya shiga, kuma ka tuna zaren tarun nan. In ruwa zalla ya fara fitowa, abin ya yi nisa, boris ya fara tsatsa. Sukurun ƙasa yakan zo da maganaɗisu a bakinsa. Ka murza abin da ya manne tsakanin yatsunka: in laushi ne kamar toka, cin yau da gobe ne, in kuwa ka ji tsini yana sukar fata, gutsuren kuloci ne ko haƙorin giya. A nan ne ka sami izinin buɗewa. Man da ake zubawa mai lamba 90 ne, ba baƙin man mota ba, kuma littafin Yamaha ya ce a canza shi duk bayan awa 100 na aiki ko wata shida. Jirgin haya kan cinye awa 100 cikin 'yan makonni. Ta ramin ƙasa ake ɗura shi har ya ɓullo ta na sama, a toshe na sama tukuna sannan na ƙasa, da sababbin wasa. Wanda ya zuba ta sama ya cika ƙafa da iska.

Buɗe ƙafa aikin oga ne, kai ka tsaya kusa ka kalla har sai ya ce ka isa. Amma ko kallo kake yi, ga abin lura. Bayan giyoyin akwai wasu siraran wasa da ke saita zamansu, kowanne ya koma inda ya fito, a jera su a kan tsumma mai tsabta yadda aka ciro su. In kunnuwan kuloci sun mulmule, na giyar gaba ma sun mulmule, tare ake canza su. Sabon kuloci a kan tsohuwar giya ba ya daɗewa. Wasu sukan juya kuloci, fuskar ribas ta koma gaba, a wasu tsofaffin injuna yana yiwuwa, amma da yawa suna da alamar gaba a jikinsu kuma fuskokin ba iri ɗaya ba ne. Wasu kuma su kai wa mai walda ya ciko kunnuwan a goge da dutse. Taurin ƙarfen nan a fatarsa yake, in aka goge fatar abin da ya rage laushi ne. Zai kai ka gida, ba zai kai ka ƙarshen wata ba. In mai jirgi ba shi da kuɗin sabo ya ce a yi masa hakan, ka yi, amma ka gaya masa gaskiyar abin da ya saya a gaban shaida, kuma ka ce masa kada ya ɗauki fasinja da shi.

Akwai wata al'ada da nake so ta ƙare a kanku. Giya ta fara fita, sai a yanko robar tayar babur a ɗaure liba a gaba, ko a sa yaron jirgi ya zauna ya danne ta da ƙafa tun daga Yawuri har Zamare. Ranar farko abin yana aiki, shi ya sa ake yi. Amma duk bugun da kuloci yake yi yana neman fita, rodi da fil da liba ne ke shanye shi, ga gutsuren ƙarfe yana yawo a cikin mai yana bi ta boris. Mafi muni, direban da ya ɗaure libarsa ya ɗaure firi da ribas tare. Kwale-kwalen masunci ya gitta masa, ko yaro ya faɗa ruwa, sai ya tsaya kwance roba tukuna.

Gwaji na ƙarshe a ruwa ake yinsa. Kada ka tayar da inji a tudu ko na ɗan lokaci, robar famfo ba ta jure bushewa, nan da nan take ƙonewa. In a durom ne, ruwa ya haura faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela sosai. Sai dai durom ba ya nuna giya mai fita, domin babu nauyi a kanta. Ka ɗaura injin a jirgi, ka ɗaure jirgin da igiya mai ƙarfi a turke, ka tabbata babu mai wanka ko wanki a baya, ka sa gaba ka ƙara wuta kaɗan-kaɗan, hannunka a kan liba ba tare da dannawa ba. In tana bugun tafin hannunka, aiki bai ƙare ba. In ta zauna shiru, ka kwance igiya ka fita da lodi irin wanda jirgin ya saba ɗauka, ka gwada ribas sau da yawa a fili, nesa da gaɓa da jiragen mutane. Da yamma ka sake sa sifana a kan notin kulle, bayan mako guda kuma ka ɗan sassauta sukurun ƙasa ka ga launin ɗigon farko.